Allon Badaru Mai Fenti

A bayan a-kori-kura Zulkifilu ya ɗauro allon mahaifinsa, ba ko tsumma a kai, ga hadari ya haɗo ta gabas. Tun kafin mu gaisa na fara faɗa. Shekara goma sha bakwai na yi a gidan adana kayan tarihi a Kaduna ina gyaran zanen da ya lalace, kuma babban abin da na koya a can shi ne, rabin ɓarnar da ake yi wa zane masu ƙaunarsa ne ke yin ta. Da na dawo gida Daura na buɗe ɗan shago a hanyar Kwangwalam, sai mutane suka ɗauke ni mai saka hoto a gilashi. Hotunan biki da takardun shaidar makaranta na yi ta fama da su har shekara uku. Wannan allo shi ne aikin gaske na farko da ya shigo mini.

Duk wanda ya saba bin hanyar Mai'adua ya san hannun marigayi Badaru Mai Fenti, ko bai san sunansa ba. Shi ke zana bayan manyan motoci, da shagunan aski, da bangon masu shayi. Amma wannan allon bai yi wa kowa ba, kansa ya yi wa. Katako ne mai faɗin ƙyauren gareji, ya zana kasuwar dabbobin Mai'adua a kai, ranar Lahadi da hantsi: bijimai, raƙuma, dillalai sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, mai fura, wani jaki da ya ƙi tafiya ana jan sa. Da fentin mota ya yi shi, amma in ka tsaya gaban jan bijimin da ke tsakiya sai ka ji kamar ka matsa masa.

Wasu mutane a Abuja masu baje kolin zanen masu fentin mota sun ga hoton allon a waya, suka ce suna so. Mota za ta zo ɗaukarsa ranar Alhamis, sati uku masu zuwa. Abin da ya kawo Zulkifilu ke nan, malamin firamare, mutum mai yawan duba agogo.

Na zagaya allon. Gara ta ci gindinsa. Hayaƙi ya dushe sararin sama, ƙuda ya yi nasa aikin, ƙusoshi sun zubo da tsatsa. Duk wannan abincina ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne karce. An sa wani abu mai tsini an ja layi a wuyan dabbobi da na mutane, har katakon ya fito fari.

Na ce, "Wannan fa?"

"Yara ne, Malam Misbahu. Ka san jikoki." Ya ciro wayarsa ya shiga dannawa. "Shi ne babban abin da nake so a ɓatar. A mayar da shi yadda Baba ya zana shi."

A sana'armu ba a taɓa zane sai an yi tambaya har an gaji: wa ya yi, yaushe, ina ya kwana, wa ya taɓa shi. Ni na koyar da wannan ga wasu. Amma ranar ban tambayi komai ba, don ina tsoron kada tambaya ta sa ya mayar da allon bayan mota. Na ce masa ya tafi, ya dawo ya ga aiki.

Satin farko wanki na yi. Auduga nake naɗawa a tsinke, in jiƙa da miyau, in murza a wurin da bai fi farcen ɗan yatsa ba. Babu abin da ke ɗauke hayaƙi ya bar fenti lafiya kamar miyau. Sama'ila mai faci, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya gan ni, ya tafi yana gaya wa jama'a cewa Misbahu ya je Kaduna ya yi shekara goma sha bakwai ya koyo tofi. Ban kula shi ba. Shuɗin sama ya fito, ƙahonin shanu suka yi haske, har na gano akwai wata kaza a ƙarƙashin amalanke da ban san da ita ba.

Sati na biyu na shiga wuyoyin. Alli nake daka wa, in kwaɓa da ƙaro, in cike karcen, in bari ya bushe, sannan in bi da launin ruwa har ya saje da na Badaru. Ban sa fentin mai ba, don doka ce duk abin da mai gyara ya ƙara ya zama mai wankuwa. Guda arba'in da ɗaya na cike. Damina ce, ƙaro ba ya bushewa da wuri, sai in yi ta zarya tsakanin allon da bakin ƙofa.

A nan ne zama ya fara gagara ta. In na zauna cin abinci sai in tashi da loma a hannu in koma gaban allon. Aikin ya yi kyau, wannan ba na shakka, amma wani abu na cin raina. Na yi 'ya'ya, na san yaro da ƙusa. Yaro ido yake nema ya tsokale, ko ya yi wa mutum gashin baki, ko ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. Waɗannan layukan babu wanda ya kauce ya shiga fuska. Kowanne ya fara daga gefen wuya ya tsaya a ɗaya gefen. Har kazar nan ta ƙarƙashin amalanke, da wuyanta bai kai tsinken tsintsiya ba, an bi ta an ja mata nata.

Na kira Zulkifilu sau biyu. Na farko ya ce yana aji. Na biyu ya ce, "Malam, ba dai an gama ba? To Alhamdu lillahi," ya kashe.

Mutanen Abuja sun aiko da takarda a cike: shekarar da aka yi zanen, da irin fentin. Zulkifilu bai san shekarar ba. Na ce mahaifiyarsa fa? Ya ce tana garin Babban Mutum wurin ƙaninta tun da ta fita takaba, ido ya tafi, kada in wahalar da kaina. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta sa ranar Talata na rufe shago na shiga motar Baure.

Gero ya kai kafaɗa a hanya, direba na ta labarin taki, ni kuwa ƙafata sai kaɗawa take har na kusa da ni ya tambaye ni ko fitsari nake ji.

Na sami mahaifiyar tasa, Iya Shatu, a inuwar rumbu tana tsinke zogale a ƙwarya. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, farar yana ta rufe mata idanun duka biyu. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyyar da ta makara da shekara biyu, na faɗi sana'ata. Ta ce allon Malam, wato mijin nata, ai shekarar da ta yaye 'yarta Hussaina ya fara shi, ya kai kaka uku yana yi. Muka lissafa tare har muka samo shekarar. Sai na ce, kamar abin bai dame ni ba:

"Iya, jikokin nan kuwa sun yi ɓarna. Duk sun karce wuyan dabbobin."

Hannunta ya tsaya. "Wane jika?"

"Haka aka ce mini."

"Wa ya isa ya taɓa allon nan yana da rai? Malam ne ya yi da hannunsa."

Ta ba ni labarin ba tare da na roƙa ba, kamar ta daɗe tana jiran mai tambaya. Tun yana saurayi ake gaya masa a wurin wa'azi cewa wanda ya zana mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai. Yana da lafiya sai ya yi dariya ya ce Allah ya san da fenti yake ciyar da iyali. Da ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jiki guda ya mutu, sai ya daina dariyar. Zanen da ya yi a jikin motoci sun tafi, ba ya iya kamo su. Ya sa aka sauko da wannan aka jingina a bangon ɗaki. Ya ce abin da aka raba kansa da jikinsa ya fita daga mai rai, ba za a tambaye shi a kai ba.

"Kullum bayan la'asar sai ya yi biyu ko uku, ya gaji. Ni nake tallafe masa gwiwar hannu."

Na ce, "Yana kuka?"

"Wane kuka? Yana yi yana gaya mini mai kowane sa, da nawa aka saya. Jan nan na tsakiya sai da ya kwana biyu yana kallonsa kafin ya taɓa shi." Ta gyara zama. "Uku suka rage a can sama, raƙuma biyu da mai jan su. Daga zaune hannu bai kai ba. Ya ce gobe a kwantar masa da allon ƙasa. Goben ba da shi aka yi ta ba."

Na san su. Suna kusurwar dama, wuyansu lafiya ƙalau. Na ɗauka tsawon yaran ne bai kai ba.

"Na ce da yaron nan ya cika wa ubansa." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ya ce ya cika. Ban ji a jikina ba. Shekara biyu ke nan ko'ina aka ajiye ni sai in ji kamar na bar tukunya a wuta." Ta kwance gefen zanenta ta nuna mini ƙusar da ya yi aikin da ita, 'yar inci uku, ta yi baƙi don shafa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi tunanin in yi sallama in tafi, wallahi na yi. Amma na ce, "Iya, ni kuma na cike waɗanda ya yi. Na ɓatar da su."

"Duka?"

"Duka, Iya."

Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da tsinke zogale, sai dai yanzu ganyen take zubarwa ƙasa tana jefa itacen a ƙwarya. Can ta ce, "To, ɗana, ka tayar masa da su ke nan."

Laraba da safe na aika wa Zulkifilu cewa in bai zo ba zan je makarantar in same shi gaban ɗalibansa. Ya zo. Ban ba shi wurin zama ba.

"Jikoki, ko? Ka sa na goge aikin ƙarshe da mahaifinka ya yi a duniya!"

"Aiki? Tsoro ne, Malam Misbahu!" Muryarsa ta tashi har Sama'ila ya daina buga taya. "Har ya mutu mai fentin mota ake ce masa. Ana ba shi na goro kamar lebura. Yau an zo za a rataye sunansa a Abuja, sai in kai musu allon da aka yi wa yanka kamar mahauta? Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan maganar nan. Na tambaya."

"Kai ka tambaya. Shi kuma ya yanke wa kansa hukunci."

Na fi jin haushin kaina fiye da nasa, shi ya sa nake ɗaga murya. Ya yi mini ƙarya, gaskiya ne, amma ni na buɗe baki na haɗiye ta don tana da daɗi.

A gabansa na kira matar da ke kula da baje kolin, Hajiya Amatullahi, na faɗa mata komai. Ta ce in dai hannun mai zanen ne, a bar layukan, su ma zanen ne, za su rubuta bayani a gefe. Amma ta ja kunne: abin da Badaru bai taɓa ba, kada kowa ya taɓa. In aka ƙara sabon karce, ɓarna ce, ba za su karɓa ba. Da ni ne a kujerarta abin da zan faɗa ke nan, kalma da kalma.

Zulkifilu ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce to shi ke nan, a wanke, a bar ukun. Ya tafi.

Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na ɗauki auduga. Aikin kwana goma ya tafi tsakanin azahar da magariba. Ɗaya bayan ɗaya farin katako ya sake fitowa a wuyoyin. Yanzu da na san hannun da ya ja su, sai nake ganin inda ya yi rawa, da inda ya tsaya ya huta a tsakiyar layi.

Alhamis da hantsi motar ta iso, farar mota mai rufi, direban ɗan gaggawa ne, tun bai kashe inji ba yake tambayar ina kayan. Zulkifilu ya zo cikin sabuwar shadda. Muna shimfiɗa bargo za mu naɗe allon sai ga babur ya tsaya, ƙanin Iya Shatu ne ya ɗauko ta tun daga Babban Mutum. Ta sauka tana dafa iska.

"A kai ni gabansa," ta ce.

Na kama hannunta na ɗora a gefen allon. Ta fara daga ƙasa ta hagu, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Ɗan yatsanta ya sami wuya, ya bi ramin layin, ya wuce na gaba, leɓenta na motsi. Direba ya danna oda. Ba ta ji shi ba. Da ta kai arba'in da ɗaya sai ta ce a kwantar mata da allon. Muka kwantar a kan bargon. Ta lallaɓa zuwa kusurwar dama ta shafa wuyan raƙumin farko, ta shafa na biyu, ta shafa na mutumin. Sumul suke.

Ba ta juya wajen ɗanta ba. Ni ta miƙa wa ƙusar.

"Kai ne mai sana'ar. Hannunka ba ya rawa."

Na karɓa don ba a barin hannun tsohuwa a miƙe. Na durƙusa. Na kai tsinin kusa da wuyan raƙumin, inda Badaru ya haɗa ruwan ƙasa da ɗan ja ya fitar da jijiya, sai hannuna ya ƙi. Shekara ashirin ina toshe irin wannan rauni, ban taɓa yin ko ɗaya ba. Na ajiye ƙusar, na ɗauko buroshi mafi siriri, na ja farin layi da launin ruwa a wuyan ukun. Daga nesa ba ka bambanta su da sauran. In an je Abuja a goge, in an dawo a mayar. Har na fara jin daɗin dabarata.

"An yi, Iya."

Ta shafa. Ta sake shafawa. Launin bai gama bushewa ba, ya biyo ɗan yatsanta.

"Ɗana, ni makauniya ce, ruɗa ni ba wuya. Amma ba a gabana za a tsayar da shi ba."

Direba ya leƙo ya ce shi fa yana so ya wuce Kaduna da rana. Zulkifilu yana tsaye a bakin ƙofa, ya dubi motar, ya dubi uwarsa tana durƙushe a kan bargo tana laluben inda na ajiye ƙusar. Ta same ta, ta riƙe da hannu biyu, ta fara neman wuyan da kanta, tsinin na yawo a saman idon raƙumin.

"Iya, tsaya," ya ce. "Za ki tsokale masa ido."

Ya tattare shaddarsa ya durƙusa kusa da ita, ya zare ƙusar daga hannunta. Na ce, "Zulkifilu, ka ji abin da Hajiya ta ce. In ka ja, motar nan haka za ta koma."

"Na ji."

Hawaye na sauka a kan sabuwar rigar. Ya ɗora tsinin, sai allon ya motsa a kan bargon. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam Misbahu, danne mini."

Na danne masa da hannu biyu. Ƙarar ƙusa a kan fenti ba ta da daɗi, sai da haƙorana suka yi tsami. Ya ja na farko a hankali, daga gefe zuwa gefe, bai kauce ba. Iya ta laluba ta sami gwiwar hannunsa ta tallafe. Ya ja na biyu. A na mutumin ya daɗe, sannan ya ja.

Ta bi su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake bi. Sai ta ce, ba da mu take ba, "Malam, an cika."

Zulkifilu ya fita ya sallami direban. Muna ji motar ta juya ta kama hanyar Kano ba komai a cikinta. Ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da allon. Na kawo wa Iya ruwa a kofi, amma kafin in iso ta jingina da bangon shagon, ta miƙe ƙafafu, barci ya ɗauke ta da rana tsaka, ga Sama'ila na ta buga taya a waje.